Kunun da Ke Tashi da Kansa

Litinin, 26 ga Fabrairu

An dawo mini da kunu yau ma. Yarinyar da ke kai mini talla bakin tasha ta shigo tun kafin la'asar, kula a kai, rabin gorunan sun kumbura sun yi tauri. Na murɗa murfin ɗaya, iska ta fita da ƙara, kumfa ta biyo wuyan gorar ta zubo mini a hannu. Na shinshina. Tsamin kunun zaƙi na san shi tun ina tsugunawa gaban Goggo tana tacewa. Wannan wari ne dabam, mai hawa hanci, irin wanda iska kan kawo mana daga bayan katanga ranar da maƙwabciyata ta yi dahuwa.

Asarar gero da sukari da sauƙi. Masu shan kununa direbobi ne da 'yan acaɓa da masu dako, mutanen da za su ajiye gora su nufi masallaci, ga azumi saura mako biyu. In abin da nake miƙa musu ya fara rikiɗa giya a cikin gora, alhakin a wuyan wa? Na juye shi duka a kwata.

Talata, 27 ga Fabrairu

Na bi aikina daki-daki ko zan ga inda ya sauya. Gero da ɗan farar dawa sukan kwana a ruwa. Da hantsi a wanke, a kai markaɗe tare da citta da kanumfari da busasshen dankali. A raba ƙullun biyu, a dama babban kason da tafasasshen ruwa, in ya sha iska a juye ɗanyen a kai, a rufe ya kwana. Da asuba a tace, a sa sukari, a ɗura. Haka nake yi duk tsawon hunturu, ko sau ɗaya gora ba ta kumbura ba.

Abin da ya sauya garin ne. Hazo ya janye, Garwa ta koma halinta. Muna cikin kwarin Binuwai, duwatsu sun kewaye mu, da rana zafi na taɓa digiri 40, da dare kuma bango ya riƙa amayar da abin da ya sha. Jiya da tsakar dare na taɓa jikin bokitin, da ɗuminsa. Amma bara ma an yi bazara, kunun bai yi mini haka ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Da yamma na ɗauki gora ɗaya na zaga gidan Adda. Batufuriya ce daga wajen Dukula, mijinta ya rasu, da burukutu take biyan kuɗin makarantar yaranta, abin da a nan ake kira bilbil. Katanga ɗaya ta raba mu a Rumde Ajiya. Ba na shiga gidanta ranar da masu sha suka taru, ita ma ba ta taɓa aiko mini da abinci a ƙwaryar da ta san ta taɓa giya ba. A kan wannan muke zaune lafiya, kuma ranar da ɗana ya yi zazzaɓi da dare ita ta riƙe mini fitila har bakin titi. Da Fulatanci muke magana, kamar kowa a garin nan.

Ta buɗe gorar, ta kai hanci, ta dube ni.

"Hajiya, abin da nake kwana ina roƙo ya sauka a tukunyata, shi ne ya sauka a taki."

Daga nan ta shiga tambaya. Ƙarfe nawa nake rufe ƙullun, ƙarfe nawa nake buɗewa? Da wace muciya nake juyawa? Yaushe sukari ke shiga? Gorunan daga ina? Na ce yara ne ke tsinto su su sayar, kamar yadda kowace mai kunu da mai zoɓo ke saye. Ta tambayi ko yaran bara ne. Na ce a'a, bana wasu ne, daga wajen Yelwa suke kawowa. Ta gyaɗa kai. Yelwa unguwar mashaya ce, kuma masu sayen bilbil su tafi da shi gida a irin waɗannan gorunan ake zuba musu.

"Wankin sabulu ba ya fitar da shi," in ji ta. "Yana maƙalewa a zaren murfi da inda roba ta karce. Ni tukunyar da na saba da ita, ko ban sa mata iri ba takan tashi. Tukunya ba ta mantuwa, Hajiya."

Ta ba ni labarin nata aikin, ban taɓa saurara da kunnen basira ba sai yau. Jar dawa take jiƙawa, jigari, ta baza ta rufe har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa. Tsiron ne ke kawo zaƙi. Sai dahuwar farko, a bar shi ya kwana ya ɗauki tsami kaɗan, a tace, a sake dafawa sa'o'i masu yawa, sannan in ya huce a zuba irin da aka ajiye daga dahuwar baya. Ina jin ta ina lissafi a zuci: tsiro a wurinta, dankali a wurina, kwanan tsami a wurinta, kwanan tsami a wurina. Tazarar da ke tsakanin kununa da abin da take sayarwa ba ta kai yadda na ɗauka ba, kuma zafi ne ke cinye tazarar. Na dawo gida jikina a sanyaye.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Na kira ɗan yayata da ke karatun sarrafa abinci a Jami'ar Ngaundere. Ya ce, "Inna, ki ɗauka halittu iri uku ne ke takara a cikin bokitinki, ido ba ya ganinsu." Na farko ƙwayoyin da ke mai da sukari tsami mai laushi, su ne ke daskarar da kindirmo, su ke ba koko ɗanɗanonsa, su nake so. Na biyu yis, wanda ke cin sukari ya fitar da barasa da iska, iskar ce ke kumbura gora, ita ce kuma ke tayar da ƙullin burodi da na fanke. Na uku masu zuwa a baya, in akwai barasa kuma iska na shiga, su mai da ita ruwan kal. Kowanne da zafin da yake so. Yis ya fi walwala a wajen digiri 30, in zafi ya wuce 35 ya fara galabaita, masu tsamin kuwa suna jure fiye da haka. Dankalin da nake sawa yana narkar da sitacin geron ya zama sukari, na kuma ƙara farin sukari a kai, na rufe a gorar da yis ya riga ya kama wuri. Ya ce da bai tashi ba ma da shi ne abin mamaki.

Ya kuma ba ni wani labari da ya tsaya mini a rai. A 1856, a garin Lille na Faransa, wani mai masana'antar tatsar barasa daga gwozar sukari ya rasa gane dalilin da wasu randunansa ke tsami maimakon su tashi. Ya kai kuka wurin wani malamin kimiyya na jami'ar garin, Louis Pasteur. Da Pasteur ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga randa mai lafiya cike take da ƙwayoyin yis masu zagaye, mai tsamin kuma cike da wasu ƙanana masu siffar sanda. A 1857 ya fitar da bayaninsa a kan wannan tsami, daga baya ya nuna cewa ɗumama abin sha zuwa wani mataki, ba sai an tafasa ba, na kashe su. Cibiyar gwaje-gwajen lafiya mai sunansa tana da reshe a nan Garwa, na sha wucewa ta gabanta. Ashe ilimin da ya kai likitoci ga gane ƙwayoyin cuta ya bi ta kan irin matsalar da ke hana ni da Adda barci.

Juma'a, 1 ga Maris

Bayan an sauko daga masallaci na aika aka yi mini iso wurin Malam, na tsaya daga bayan labulen zaure. Na faɗa masa komai ban rage ba, har da shigata gidan Adda.

Ya fara da kwantar mini da hankali. Ya ce tsami kaɗai ba ya haramta abin sha, in ba haka ba da nono da koko sun haramta. Abin dubawa shi ne maye: duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma an hana. Ya ce Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a ba wani ya shanye ko a zubar. Wato tun a lokacin an san jiƙo yana da wa'adi, kuma alamar da malamai suka riƙa ambata ita ce ya fara tafasa da kansa yana fitar da kumfa.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda duk wanda ya zauna a zauren karatu a ƙasashen nan ya san ta. Ya ce a wani babi na cikinta an kawo hanin yin jiƙo a cikin duma da kuma mazubin da aka shafe da kwalta. Dalilin da malamai suka bayar shi ne jiƙo yana saurin yin ƙarfi a cikinsu, mai shi bai ankara ba. Wasu malamai na ganin an janye hanin daga baya, amma a mazhabar Malik an ci gaba da ƙin waɗannan biyun.

Na yi shiru. Shekaranjiya mace mai dafa giya, wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba, ta gaya mini cewa mazubi na riƙe abin da ya taɓa zama a cikinsa. Yau na ji shi daga littafin da aka rubuta fiye da shekara dubu. Na karanta wannan babi ina budurwa, na haddace, ban taɓa kawo shi kusa da ƙwaryar da nake kwashe kunu da ita ba.

Game da Adda, Malam ya ce maƙwabtaka hakki ce, in gaishe ta, in duba ta in ba ta da lafiya, in karɓi shawararta a kan kununa. Sai dai kada hannuna ko bakina su shiga gyaran giyarta.

Asabar, 2 ga Maris

Na gwada mai da kunun kan wuta bayan tacewa. Da ya tafasa, ɗanyen ƙullun da ke ciki ya nuna, tukunyar ta kama, ya koma koko mai kauri. Yara sun sha da ƙosai, amma wannan ba ya shiga gora. Ɗan yayata ya ce sitacin gero da dawa yana fara kamawa ne a kusa da digiri 70, yis kuwa ba ya kai wa nan da rai. Wurin da nake nema ɗan tsukuku ne, wajen 65, a riƙe shi a nan rabin sa'a ana juyawa. Da ido ba zai yiwu ba. Zai ba direban mota ma'aunin zafi ya kawo mini.

Lahadi, 3 ga Maris

Kasuwar Fitowa. An shigo da sabuwar masakwa, dawar rani da ake dasawa a baƙar laka bayan ruwa ya janye, a girbe ta a wannan tsakani ba tare da an yi mata ban-ruwa ba. Na auni fara, don tana ba kunu haske. Na sayi babbar tukunyar ƙarfe mai murfi da ludayin ƙarfe da sabon ƙyallen tata. Muciyar Goggo da ƙwaryarta zan ajiye su wa tuwo. Da na sa farce a tsagar da ke jikin muciyar, wani farin abu mai danƙo ya fito.

Sabbin goruna akwai su a babbar kasuwar Garwa, amma kuɗinsu zai cinye ribar kunun sefa 100. Na tsaya a kan sabbin murafu, da gorunan ruwan sha kaɗai, waɗanda zan karɓa daga gidajen da na sani.

Litinin, 4 ga Maris

Babu wuta tun daren jiya, firiza ta narke. Wutar arewacin Kamaru akasari daga madatsar Lagdo take, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, mai ƙarfin megawat 72. 'Yan uwanmu na Yola da Lokoja sun san sunanta ta wajen ambaliyar 2012 da 2022. Mu a nan mun fi saninta ta wajen ƙarshen rani, lokacin da ruwan tafkin ke ja baya daidai da lokacin da kowa ke neman sanyi. An ƙara tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, sun rage wani abu. Duk da haka mai kunu ba za ta jingina sana'arta da firiza ba. Sanyi ma kwantar da yis kawai yake yi, da gora ta ɗumama a kan 'yar talla zai farka.

Talata, 5 ga Maris

Ma'aunin ya iso. Na rage kwanan ƙullun: na rufe bayan lisha, na tace kafin kiran assalatu, tsamin ya tsaya daidai. Na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ido a kan ma'auni, ina janye itace ina mayarwa. Ya ɗan yi kauri, na sassauta da dafaffen ruwa. Gorunan na wanke da sabulu da burushi, na jiƙa a ruwan jabel, na ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, don tafasasshe yana lanƙwasa roba. Sukari sai dab da ɗurawa. Na ware gora ɗaya na ajiye a inuwar baranda ba ƙanƙara. Har magariba tana matsuwa a hannu.

Laraba, 6 ga Maris

Da sassafe na ji Adda tana faɗa da kanta a bayan katanga. Na leƙa ta ƙofa. Manyan tukwane biyu, dahuwar da ta ci mata buhun jigari da itacen kwana biyu, sun ƙi tashi. Babu kumfa, sai wani farin yaɗi a sama, ƙananan ƙudaje na shawagi, warin tsami mai yanka maƙogwaro. Ta ce dahuwar ta ƙi hucewa da dare, ta jira har ta gaji ta zuba irin da sauran zafi, irin kuma tun na watan jiya ne.

Da abin da na koya a makon nan na gane abin da ya faru da tukwanen nan sarai. Na ce, "Adda, kin san ba zan iya sa baki a wannan ba." Ta ce ta sani, ba ta kuma tambaye ni ba. Ta taimake ni da iliminta hannu sake, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofarta da nawa a rufe. Na yarda da hukuncin, amma ya yi mini nauyi, kuma ba zan ce bai yi ba.

Muna nan wata mata ta shigo, daga cikin masu tatsar arki, barasar gida mai ƙarfi, a bayan gari. Labarin tukunyar da ta lalace ba ya kwana bai kai gare su ba. Ta yi tayin sayen duka a rabin kuɗin dawa, za ta ƙara sukari ta tatse. A nan na ga inda haɗarin yake farawa. Mace ta zuba jarinta duka a tukunya, zafi ya lalata, ga kuɗin makaranta, ga mai saye a tsaye. Arki a ɓoye ake yinsa don hukuma ba ta yarda da shi ba, saboda haka babu mai duba tsohuwar gangar da aka dafa shi a ciki, ko bututun da ya bi, ko abin da wani ɗan kasuwa ya ƙara masa a hanya don ya yi ƙarfi ya yi yawa.

A kan wannan bakina a buɗe yake, don magana ce ta rai. Na faɗa musu abin da ɗan yayata ya gaya mini game da metanol, dangin barasa da ake amfani da shi a masana'antu. A baki ba a bambance shi da barasar da suka sani. Wanda ya sha yakan wuni lafiya, sai bayan sa'o'i 12 zuwa 24 ciwon kai da amai su taso, gani ya dushe. Ɗan kaɗan na makantarwa, abin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba na kisa. A 2015 kusan mutum 70 suka mutu a jihar Ribas ta Nijeriya bayan shan ogogoro mai wannan guba. A 2016 fiye da mutum 20 suka mutu a yankin Gabashin Kamaru bayan shan odontol, irin arkin can. Na ce duk wanda ya sha ya ga hazo a idonsa a garzaya da shi asibiti a lokacin, kada a ce a bari ya yi barci ya wartsake.

Matar ta ce nata tsabtatacce ne, ba ta haɗa shi da komai. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Adda ta ce ita ta ga abin da arki ke yi wa maza a ƙauyensu in an biya kuɗin auduga, amma gani ba ya biyan bashin mai dawa. Ta ce matar ta dawo gobe.

Alhamis, 7 ga Maris

Kunu ya ƙare kafin la'asar, ba a dawo da ko ɗaya ba. Wani direba ya aiko cewa ya fi na da santsi amma ƙamshin citta ya ragu. Zan riƙa ajiye rabin cittar in sa bayan an sauke.

Ban ji motsi a gidan Adda ba.

Asabar, 9 ga Maris

Ta shigo da kanta da hantsi, ta zauna a bakin murhu tana kallon ma'aunin. Tukunya ɗaya ta sayar wa mai arki, ɗayar ta ba mai kiwon aladu a bakin bashin itace. Ban ce mata komai a kai ba. Ta ce ba za ta sake ɗora babbar dahuwa ba sai ruwan farko ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, kafin nan za ta riƙa zuwa aikin albasa a bakin kogi. Na auna mata masakwa kwano biyu daga wadda na sayo. Ta ƙi karɓa sai da na ce ladan ganin gora ne.

Kafin ta tafi ta ɗauki gorar gwajin da ke baranda tun ranar Talata, ta matsa, ta buɗe. Ta ce ta fara, kaɗan. Ɗumamawar tana sayo mini yini guda cikakke da ɗan ƙari, iyakarta ke nan.

Lahadi, 10 ga Maris

Ana sa ran ganin wata yau ko gobe. Masallacin unguwa ya ce in riƙa kawo kunun buɗa-baki kullum. A azumi kunun zai jira daga safe har faɗuwar rana, a mafi zafin sa'o'in yini, don haka na juya jadawalin: markaɗe ya koma da asuba, a rufe ƙullun da hantsi, a tace a ɗumama bayan azahar, a ɗura da la'asar. Tsamin rana zai fi na dare sauri, kuma mai azumi ba ta son kai abu baki, sai dai in dogara da hanci da ma'auni. Abin da ya kwana ba zai fita gidan nan ba.

Saura lissafin itace. Ɗumamawar ta ƙara mini kusan rabin abin da nake ƙonawa a da, sukari kuma ya hau kamar yadda ya saba yi gab da azumi. Ko in ƙara kuɗin gora, ko in rage girmanta. Na gaya wa yarinyar ta tambayi direbobin tasha gobe wanne suka fi so.